Kafin a ce wa maras lafiya «daure ka ci», a duba bakinsa

Yau za mu yi magana a kan bakin mutumin da cutar daji ta yi nisa a jikinsa. Cutar daji ita ce wadda wasu ke kira sankara, likitoci kuma suna ce mata kansa. Idan ta yi nisa, hankalin dangi yakan tafi ga ciwo da rama da kuɗin magani. Ba safai ake tunawa da baki ba. Alhali fiye da rabin masu irin wannan jinya suna fama da bushewar baki, kuma da yawa daga cikinsu ɗanɗanon abinci ya canza musu. Wani ya ce tuwo ya zama kamar ƙasa. Wani ya ce nama ɗaci yake yi masa. Wata ta ce ko ruwa ta sha sai ta ji kamar ta tsotsi ƙusa.

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Mutumin da ya faɗi haka gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya kamata a fara yi shi ne a gyara masa baki. Maganar yawan abin da zai ci ta biyo baya.

Kowane makiyayi ya san wannan hanya. In saniya ta tsaya a cikin ciyawa ta ƙi kiwo, ba ya dukanta, ba ya cewa ta raina makiyayar. Yakan kama ta ya buɗe bakinta, ya duba harshe da dasashi ko akwai gyambo ko ƙaya. Abin mamaki, mutum ne ba mu yi wa wannan adalcin. Uba yana kwance, ya ture akushi, sai a taru a kansa. Wannan ya ce ya daure, wancan ya ce ya cire rai ne, wata ta koma ɗaki tana kuka don ta yini a gindin murhu an mayar mata da girkinta. A cikin mutanen nan duka, da wuya a samu wanda ya ɗauko fitila ya ce: «Baba, buɗe bakinka mu gani.»

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma dole mu faɗe shi. A gidan da ake zaman kishi, ko ake da tsohon zargi, kalmar «ɗaci» tana da haɗari. Maigida ya ce abincin wance ɗaci yake yi masa, gobe a ce an sa masa wani abu a ciki. Daga nan a hana matar shiga ɗakinsa, a tafi neman makari, wani lokaci har aure ya girgiza. Ɗacin nan kuwa a bakinsa yake. Ko uwar da ta haife shi ce ta yi girkin, haka zai ji.

Me ke faruwa a cikin bakin?

Ɗan Adam yana da manyan maɓuɓɓugan miyau guda 6. Biyu suna gaban kunnuwa, biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ƙanana masu yawa a cikin leɓɓa da kumatu da ganɗa. Mai lafiya yana fitar da miyau daga rabin lita zuwa lita 1 da rabi a kowace rana, ba tare da ya sani ba. Miyau shi ke jiƙa loma ta wuce maƙogwaro. Shi ke wanke haƙora, yana rage ƙwayoyin cuta, yana sa harshe ya juya a yi magana. Kuma shi ke narkar da abinci har harshe ya ji ɗanɗanonsa.

Kowa yana iya gwada wannan a gida. Ka goge harshenka da tsumma mai tsabta har ya bushe, sannan ka ɗora ɗan sukari a kai. Ba za ka ji zaƙi ba sai miyau ya dawo ya narkar da shi. To, ka ƙaddara mutumin da bakinsa yake haka dare da rana, wata da watanni.

Abubuwan da ke kawo wannan bushewa suna da yawa, kuma sau da yawa haɗuwa suke yi. Na farko magunguna. Maganin ciwo mai ƙarfi irin su morfin da tramadol yana rage miyau. Haka wasu magungunan amai, da na barci, da na sa fitsari. Na biyu ƙarancin ruwa a jiki, saboda amai ko zawo ko zazzaɓi ko rashin sha. Na uku numfashi ta baki, musamman cikin barci. Sai kuma yanayin ƙasarmu ya ƙara nasa. Iskar hunturu tana tsattsaga leɓɓan mai lafiya ma, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa.

Maganin cutar kanta yana da nasa rabo. Wanda ake kira shimiyo, wato maganin da ake sawa ta jijiya ko a haɗiya don kashe ƙwayoyin daji, yana faɗa wa duk ƙwayoyin jiki masu saurin haihuwa. Ƴan ƙwayoyin da ke jin ɗanɗano a kan harshe suna cikinsu, domin sabuntawa suke yi a cikin wajen kwana 10 zuwa mako 2. Shi ya sa mai shan shimiyo yakan ji ɗanɗanon ƙarfe. Galibi in an gama maganin, ɗanɗano yakan dawo sannu a hankali cikin makonni ko watanni. Akwai kuma gashi da na'ura, wanda likitoci ke kira radiyoterafi. Tun shekara ta 2021 ake yin sa a Yamai, a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Cutar Daji, wato CNLC. In gashin ya shafi kai ko wuya, yana iya lalata maɓuɓɓugan miyau, kuma ga wasu miyau ba ya dawowa kamar da. Wanda za a yi wa irin wannan gashi, ya tambayi likita tun kafin a fara yadda zai kula da bakinsa da haƙoransa.

Akwai wata cuta da muke so kowa ya iya ganewa, domin tana da magani kuma ana yawan barin ta. Idan baki ya bushe, jiki kuma ya yi rauni, wani irin naman gwari da ake kira kandida yakan yaɗu a ciki. Za a ga fari-fari a kan harshe da cikin kumatu, kamar guntayen kindirmo sun manne. In an goge, wurin ya yi ja, wani lokaci har da ɗan jini. Wani lokaci kuma ba a ganin farin, sai dai harshe ya yi jawur yana zafi, gefen baki ya tsage. Mai wannan cuta ba ya jin daɗin komai, haɗiya ma azaba ce gare shi. Magungunan da ake kira nistatin da mikonazol da fulukonazol suna kashe ta, kuma sau da yawa cikin ƴan kwanaki ake ganin sauƙi. Majo na gidan likita mafi kusa yana iya duba ta. Ba sai an je Yamai ba. Abin takaici ne a sayar da akuya a sayo nama da kaji, a yi ta kai wa mutum yana turewa, alhali abin da ya hana shi ci farin nan ne na kan harshe.

Abin da gida zai iya

Gyaran baki ba ya cin kuɗi mai yawa. Abin da yake ci shi ne lokaci da haƙuri.

A tafasa ruwa lita 1, a bar shi ya huce. A zuba ƙaramin cokali 1 na gishiri, irin cokalin shan shayi, da ƙaramin cokali 1 na bikarbonat, wanda ake samu a farmasi. A zuba a kwalba mai tsabta a rufe. Maras lafiya ya kurkure baki da shi ya tofar, bayan kowane cin abinci da kafin barci, har ma fiye da haka in yana so. Kowace safiya a haɗa sabo. In babu bikarbonat, ruwan gishirin kaɗai ya isa. Mun san wani zai ce ai ga kanwa a gida. A'a, kada a musanya. Kanwa tana gauraye da ƙasa da wasu gishirai, ƙarfinta kuma ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, tana iya ƙona bakin da ya riga ya yi rauni. Haka kuma a guji ruwan wankin baki na kanti wanda aka haɗa da alkol, domin ƙara busarwa yake yi.

Haƙora a wanke su safe da dare da buroshi mai laushi. Mai amfani da asuwaki ya tauna kansa, ko a daka masa shi, har ya yi laushi sosai. In dasashi yana jini, a ajiye asuwaki, a naɗe tsumma mai tsabta a yatsa a goge a hankali. Leɓɓa a shafa musu man kaɗe ko man shanu. Ruwan sha kuma ya kasance kusa da hannunsa dare da rana, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Kurɓi ashirin a yini sun fi masa moɗa guda da za a tilasta masa ya shanye a zama ɗaya. Ruwan randa mai sanyi ya fi daɗin karɓa. Inda ake samun ƙanƙara ta ruwa mai tsabta, a fasa ta ƙanana ya riƙa tsotsa. Tauna cingam marar sukari ma tana motsa miyau ga wanda maɓuɓɓugansa ke da sauran aiki.

Goro da taba da shayi mai kauri suna ƙara bushewa. Amma a nan sai a yi hankali. Dattijon da ya shekara hamsin yana cin goro, kwanakinsa kuma sun ƙure, ba mu ga dalilin a yi faɗa da shi a kan ɓari guda ba. A kankare masa kaɗan, in ya gama a kurkure masa baki.

Ta wajen abinci, girkinmu na gargajiya yana da abin da busasshen baki ke bukata. Miyar kuɓewa da ta kuka da ta karkashi suna da yauƙi, suna yi wa loma aikin da miyau ya kasa. A yi tuwo mai laushi, miya ta fi tuwon yawa. Kunu da koko da fura mai ruwa-ruwa suna wucewa ba wahala, sai dai a tabbata nonon na dafaffiyar madara ne, ruwan damun kuma mai tsabta, domin jikinsa ba ya iya faɗa da ƙwayoyin cuta kamar da. Busasshen dambu da ƙuli-ƙuli da kilishi da gasasshen nama suna kartar baki, a bar su ko a jiƙa su.

In nama ne yake masa ɗaci ko ƙarni, ba a yi asara ba. Ƙwai da wake da awara da kifi da kunun gyaɗa da nono duk suna gina jiki. In ɗanɗanon ƙarfe yake ji, a ajiye kwanon ƙarfe da cokalin ƙarfe, a koma ga ƙwarya da ludayi da akushi, waɗanda kakanninmu suka ci a ciki. In ƙamshin girki ne ke tayar masa da zuciya, a bar abincin ya huce kafin a kai masa, domin mai sanyi bai kai mai zafi tashin ƙamshi ba, a kuma nisanta shimfiɗarsa da murhu. In komai lami yake ji, a gwada ɗan tsami: tsamiya a kunu, lemun tsami a ruwa, ko zoɓo. Tsami yana tayar da miyau. Amma wannan ga wanda bakinsa ba gyambo ne. In akwai gyambo ko tsagewa, tsami da barkono da abinci mai zafi wuta ne a gare shi.

Babu ƙa'ida ɗaya da ta dace da kowa, kuma abin da ya karɓa yau yana iya ƙin sa jibi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambaye shi, a zuba kaɗan a ƙaramin mazubi, in ya cinye a ƙara. Babban akushi cike da tuwo yana karya zuciyar maras lafiya tun kafin ya sa hannu. Wanda ya iya rubutu a gidan ya samu ɗan littafi. Ya rubuta abin da aka ba shi, da wanda ya karɓa, da wanda ya ƙi, da sunayen magungunan da yake sha. Ranar komawa wurin likita a tafi da littafin. Likita yana iya canza wani magani ko ya rage shi in ya ga shi ne ke busar da bakin, akwai kuma magani irin su filokarfin da ke ƙara miyau ga wasu. Sai dai kada kowa ya tsayar da morfin da kansa don baki ya bushe. Ciwon zai dawo da ƙarfinsa, kuma yanke shi farat ɗaya yana da wahalarsa. Kada kuma a ƙara masa ƙwayoyin masu talla a bakin kasuwa.

Wasu alamu ba a jiran ranar komawa a kansu: zazzaɓi ga mai shan shimiyo, jinin baki da ya ƙi tsayawa, amai ba ƙaƙƙautawa, ko kasa haɗiye magani. Waɗannan a nufi gidan likita a ranar.

Maganar ɗura

Yanzu sai wurin da ya fi nauyi. Mun san abin da dangi za su ce mana: «In bai ci ba, da me zai rayu? Mu zuba masa ido ya mutu da yunwa?» Wannan magana ce ta ƙauna, ba mu raina ta ba. A wurinmu ciyar da mutum shi ne babbar hanyar nuna masa ana son sa, kuma babu wanda yake so maƙwabta su ce an bar tsoho ba ci.

Amma ramar da cutar daji ke kawowa in ta yi nisa ba irin ramar yunwa ba ce. Wanda fari ya rama, in ya samu hatsi zai murmure. A nan kuwa cutar ce ke canza yadda jiki yake sarrafa abinci. Tana cinye tsoka, tana kashe sha'awar ci, kuma yawan tuwo ba ya mayar da abin da ta ɗauke. Gyaran baki yana sa mutum ya ci abin da zai iya ci cikin daɗi, kuma wannan riba ce babba. Abin da ya wuce haka, tilas ba ta kawo shi. Ɗura kuwa haɗari ce. Mutumin da ya galabaita, in aka ɗura masa kunu yana kwance, yana iya ƙwarewa, kunun ya bi hanyar iska ya sauka a huhu ya zama ciwon huhu. Duk wanda za a ba wani abu, a tayar da shi zaune ko a jingina shi, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. In ya kau da kai, ya ƙoshi ke nan.

Muna da magana da masu zuwa gaisuwa. Kowa ya shigo sai ya ce: «Malam, ai sai ka daure ka riƙa ci.» Mutum goma a yini, magana ɗaya. Maras lafiya ya wayi gari yana jin kamar laifi yake yi, har wani yakan cusa abinci don kunyar baƙi, suna fita ya amayar. Muna da magana kuma da maza. Galibi mata ne ke kwana a kan maras lafiya, su ne ke girki, kuma su ake tuhuma in bai ci ba. Ɗa namiji ma yana iya wanke hannu ya goge bakin mahaifinsa. Dattijo sau da yawa ya fi sakin jiki da ɗansa a irin wannan aiki fiye da surukarsa.

Ma'aikatan lafiya su ma suna da nasu. A shekara ta 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ya amince cewa sauƙaƙa wa maras lafiya wahala, ko da cutarsa ba ta warkewa, aiki ne na tsarin kiwon lafiya tun daga ƙananan gidajen likita. Kula da baki yana cikin wannan aiki. Duba baki bai fi minti biyu ba. Muna roƙon duk ma'aikacin da zai sallami mai cutar daji zuwa gida ya nuna wa danginsa da hannu yadda ake wanke baki, ya kuma faɗa musu tun da wuri cewa ɗanɗano zai iya canzawa. Dangin da likita ya gaya wa haka ba za su tafi neman mai laifi ba. In ma'aikacin bai duba ba, ku tambaye shi cikin ladabi: «Likita, a duba mana bakinsa.»

A kwanakin ƙarshe, mutum yakan daina neman abinci, daga baya ya rage sha. Dangi sukan matsa a sa masa ƙarin ruwa ta jijiya. Likita ne zai duba ko zai amfane shi, domin wani lokaci yana amfani, wani lokaci kuma kumburi da cikar ƙirji yake ƙarawa. Amma ko an sa, ba shi ke jiƙa baki ba. Abin da ke rage masa jin ƙishirwa a wannan hali shi ne a riƙa jiƙa bakin kansa. A tsoma tsumma mai tsabta a ruwan sanyi, a matse kaɗan, a shafa a leɓɓa da harshe da cikin kumatu, bayan kowane rabin awa ko awa guda, sannan a shafa mai a leɓɓa. In hankalinsa ya gushe, a naɗe tsumman a jikin cokali maimakon yatsa, don kada ya ciji mai yi masa, kuma kada a zuba ruwa a bakin wanda ba ya iya haɗiya. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A koya wa mutum biyu ko uku a gidan, su raba dare a tsakaninsu.